Abin da Ɗan Jirgi Ya Gano a Bayan Gidan Seu Vado

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina gayyar dekin, ina gayyar dekin", na ji ku. Har da wadda ta ce ta ƙona shinkafa garin duba waya. 'Yar'uwa, ba hannuna a ciki. Ga Lahadin ta iso, ku gyara zama.

* * *

Ƙarfe bakwai na safe bai cika ba tudun ya kaure da hayaniya. Maza sun fi talatin a layin gidan Seu Vado, wasu da shebur, wasu da bokiti, wasu kuwa bakinsu kawai suka zo da shi, kuma su suka fi kowa ba da umarni. Yashi da tsakuwa sun tare rabin hanya. Injin kwaɓa siminti na tsaye a bakin ƙofa yana jiran a kunna shi, wani ya ɗora lasifika a kan taga, kiɗa sai dukan ƙirji yake. Daga kicin ɗin Dona Zuleide, matar maigidan, kuwa ƙamshin baƙin wake da nama ke fitowa, irin ƙamshin da ke sa rago ya tuna shi ma yana da ƙarfi.

Haka gayyar dekin take a tudun nan na birnin Salvador. Ka cika wa maƙwabta ciki, su ɗora maka rufi kafin rana ta take. Yau Wanderson, autan gidan, ake rufa wa ɗakuna biyun da ya gina a saman gidan iyayensa, inda zai kawo amaryarsa nan da wata biyu.

Yayarsa Edilene ta durƙusa a tsakiyar layi tana buɗe fukafukan ɗan jirginta marar matuƙi. Shekara biyar ke nan da shi take cin abinci: ta tashe shi sama, ya leƙo mata rufin gidaje da na shaguna, ta faɗa wa masu su inda ya tsage da inda yake yoyo. Yau dai ba aiki ya kawo ta ba. Wanderson ne ya yi mata naci sati guda cur, wai bidiyon gayyarsa yake so daga sama don a nuna ranar biki.

"Yaya Lene!" ya ƙwala daga can sama, yana tsaye a kan katako ba riga. "Ki ɗauko ni ta dama, ta nan na fi kyau!"

"Ba ta inda ka fi kyau," ta ce. "Kuma ka rufe bakin nan. Jirgin nan tsaga ya saba nema, kar ya ɗauka ya samu aiki."

Layin ya fashe da dariya.

"Lene."

Muryar babanta ce. Seu Vado, shekara sittin da huɗu, fensir a bayan kunne, hannaye kamar bulo. Rabin dekin da ke tudun nan shi ya tsaya aka zuba, kuma ba a taɓa kunna inji ba sai ya jefa shebur ɗin farko da hannunsa.

"Ki ɗaga sauron nan naki sama da kawunan mutane. Ba na son ya yanke wa wani kunne a gidana."

"Baba, shekara biyar bai yanki kowa ba."

"Shekara biyar kuma bai ɗora bulo ɗaya ba. Rufi da tafin ƙafa ake jin lafiyarsa." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Ki tsaya ta gaba. Ba abin kallo a baya."

"Haba surukina, bar yarinya ta yi abinta," in ji Seu Adalberto, mahaifin amarya, direban bas mai tumbi kamar ya haɗiyi tukunya. Ya rungume shebur ya gyara tsayuwa. "Ni dai 'yata, ɗauke ni a haka. Matata ta ce ba abin da zan tsinana, ina son shaida."

Edilene ta danna maɓalli. Ɗan jirgin ya yi ƙugi ya ɗaga, mutane suka sa ihu suna ɗaga masa hannu, har tsofaffin da suka leƙo ta taga.

Kai, abin ya yi kyau! A allon da ke hannunta ga tudun nan gaba ɗaya, jan bulo a kan jan bulo, shuɗayen tankunan ruwa, shanya na kaɗawa, teku na ƙyalli can nesa. Ga gidan da aka haife ta, ga rodi a shimfiɗe a sama an ɗaure shi layi-layi, ga ƙaninta yana tiƙar rawa a kai. Daɗi ya cika mata ciki. Yaron da ta goya ne yau ake yi wa rufi.

To amma hannu da abin da ya saba. Duk gidan da Edilene ta tashi jirgi a kansa sai ta zagaye shi ta fuska huɗu, ba ta ma sanin ta yi. Ta bi ta gefen dama, ta karya kwana, sai ga ta a bayan gida.

Bayan gidan Seu Vado ba wurin tsayuwar mutum ba ne. Bangon kicin a bakin kwari yake, daga nan sai gangara mai zurfin bene uku, ba komai a ciki sai ayaba da shara. A iya saninta, tunda aka gina gidan ba wanda ya taɓa ganin wannan bango ido da ido.

Murmushinta ya ɗauke.

A jikin kankaren da ya ɗauki tsohon dekin, daidai saman tagar kicin, akwai wani shafe na sabuwar filasta, ya kai tsawon hannu biyu. Launinsa bai ma gama komawa irin na sauran ba. Ta matso da jirgin, ta ƙara jawo hoton. Tsaga ce ta keto ta tsakiyar sabuwar filastar, a karkace, ta gangara har cikin ginshiƙin kusurwa. Yatsa zai shiga. Ruwan tsatsa ya zubo daga bakinta ya yi wa bangon ja.

Ta ga tsaga iri-iri a aikinta, ta san wadda ake shafe wa fenti a manta, ta kuma san wadda ake cewa mutanen gida su kwashe kayansu. Wannan ta biyun ce. Kuma a kanta za a jibga nauyin sabon dekin yau, da ɗanyen kankare, da ƙartai ashirin.

Wa ya shafe ta? Wa ma zai iya kaiwa nan?

Ta gangaro da hoton zuwa ƙarshen filastar, sai ta ga amsa. Layi uku ne ƙanana a kusurwa, an ja su da bakin cokalin gini. Kowa a tudun nan ya san su. Ko masai Seu Vado ya gyara sai ya ja layukan nan uku in ya gama.

Ta sauko da jirgin da sauri har ya kusa dukan tumbin Seu Adalberto.

"Ke! Na ce ki ɗauke ni, ban ce ki yi min tiyata ba!"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta cusa jirgin a hammata ta kamo hannun babanta.

"Baba, zo. Minti ɗaya."

"Lene, ba kya ganin mutane na jira?"

"Ko mu shiga ciki, ko in nuna maka a nan gabansu."

Ya dube ta, ya dubi allon da ta kife a ƙirji.

"Wanderson!" ya ɗaga murya. "Ku jiƙa katako, ina zuwa!"

Ta ja shi ɗakin gaba ta turo ƙofa. Lasifikar na jikin tagar, kiɗan har jijjiga gilashi yake, sai da ta matso kusa da kunnensa. Ta miƙa masa allon.

"Mene ne wannan?"

"Bango."

"Baba."

"Filasta ce ta yi gashi, 'yar siririyar tsaga. Rana ce. Kowane gida yana yi."

"Gashin da yatsa zai shiga? Ga tsatsa nan, rodin ciki ya ci ruwa. Kai ka koya min bambancin tsaga a tsaye da tsaga a karkace ina 'yar shekara goma, yau ni za ka ce wa rana ce?"

"Hoto ƙarya yake yi. Abin nan naki yana girmama abu."

"Ya girmama layukanka uku ma?"

Ya karɓi allon ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana kallon kusurwar. Sai ya yi wata guntuwar dariya marar daɗi.

"Ban ma san na ja su ba."

Har zuwa lokacin tana fatan ya ce ba shi ba ne.

"Ta ina ka kai wurin?"

"Igiya."

"Igiya! Wa ya riƙe maka?"

"Ginshiƙin tanki."

"Wayyo ni! Baba, kai kaɗai? A saman kwarin nan? Da shekarunka da gwiwar nan taka? Yaushe?"

"Sati uku. Lahadi, uwarku tana coci." Ya zauna a bakin gado. "Na ga danshi a bangon kicin ta ciki, na leƙa ta taga da madubin aski. Da na gani na sauka na cusa mata siminti mai ƙarfi. Na ce za ta riƙe."

"Ga shi ba ta riƙe ba. Sati uku kawai ta sake buɗewa, tun ba a ɗora mata komai ba sai bangon Wanderson. Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ba?"

"In ce me?"

"Ka ce gida ya tsage! Laifi ne? Gini yana tsufa."

"Wannan ba tsufa ba ne."

Ya zare fensirin daga kunne yana juya shi a hannu, bai kalle ta ba.

"Ranar da aka zuba dekin nan kina shekara bakwai. Kin tuna?"

"Na tuna. Na faɗa cikin yashi, Mama ta zane ni."

"Mutum arba'in suka zo min ranar. Dekina na farko, na gidana. An kunna inji, an fara zubi, sai na leƙa akwatin katakon baya na ga rodi huɗu ne a ciki. Shida ya kamata. Ni na ɗaure shi da yamma, rodi ya ƙare min, na ce da safe zan cika, hayaniyar gayya ta sa na manta."

"To sai ka tsayar da su."

"A tsayar da zubi?" Ya ɗago ido a karon farko. "Lene, a ina kika girma? Kin taɓa ganin an tsayar da zubi a tudun nan? Kankare in ya fara sai ya ƙare a rana ɗaya. Ga mutane sun baro gidajensu, ga tukunya a wuta, ga kakanki a tsaye yana kallona, mutumin da ya ce magini ba zai iya riƙe 'yarsa ba. In ɗaga hannu in ce ku tsaya, Vado ya manta rodi a gidan kansa? Wa zai sake ba ni ko katangar kaji?"

"Sai ka yi shiru."

"Sai na ɗauki bokiti na rufe shi da hannuna."

Hawaye suka cika mata ido, na haushi da na tausayi a haɗe, ta rasa wanda ya fi yawa. Mutumin nan da ke tsayar da aikin wasu saboda ƙusa ɗaya ta karkace, ashe shekara ashirin da biyu yana kwana a ƙarƙashin wannan.

"Shi ya sa ka hana Wanderson gini har shekara uku."

"Na ce ya nemi haya, uwarku ta yi kuka. Na ce ya yi rufin kwano, ya ce ɗan Seu Vado da rufin kwano, ai abin dariya ne. Kowa sai ya ce min, ai dekin Seu Vado bene huɗu ma zai ɗauka." Ya share fuska da tafin hannu. "Har na fara yarda da su."

"Baba, yau ba za a zuba dekin nan ba."

"An riga an tara mutane."

"A ba su wake su ci su tafi."

"Ga surukai a waje."

"Su ma suna da baki, su ci."

"Ke ba ki gane ba. Zan sa a rage kauri ta baya. Zan ƙara tokara daga ƙasa, katako huɗu a kicin..."

"A kicin! Wa ke tsayuwa a kicin ɗin nan tun safe har yamma? Kai ne?"

Ya mayar da fensirin bayan kunne.

"Ka fita ka faɗa musu da bakinka," ta ce. "Ka ce ka duba ka ga gyara, ba sai ka ambaci rodi ba, ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma in ka ƙi, na rantse zan hau kan tsibin yashin nan in nuna wa kowa hoton."

"Ubanki za ki tozarta?"

"Uwata zan fitar daga ƙarƙashin bango."

Daidai nan waƙar da ke lasifika ta ƙare. A ɗan shirun da ke tsakaninta da ta gaba suka ji shi, su biyun a tare: gurnanin inji, ƙarar tsakuwa na juyawa a cikinsa, da muryoyin maza suna miƙa bokiti hannu da hannu.

"Taho da shi! Taho da shi! Wani!"

Seu Vado ya miƙe zumbur.

"Wa ya kunna?"

Edilene ta yaye labule. Ga Seu Adalberto can jiƙe da gumi, siminti har gira, yana watsa yashi cikin inji yana washe baki. Da suka ga rana na ɗagawa maigida bai fito ba, sai suka karrama suruki da shebur ɗin farko. Layin bokiti ya miƙe daga bakin inji har saman tsani, kuma buhunan siminti da aka farke sun kai takwas.

"Ta ina suka fara?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Ta inda na koya musu," ya ce a hankali. "Nesa da tsani. Ta baya."

Ba ta taɓa ganin babanta ya yi gudu ba sai yau. Ya banke ƙofa ya faɗa falo, ya damƙi wayar wutar da aka ja ta taga ya fizge ta daga bango. Inji da lasifika suka mutu lokaci ɗaya. Tudun ya yi tsit, har kukan kaza ana ji daga layin ƙasa.

"An ɗauke wuta?"

"Kai, yau ma?"

Ya fito tsakiyar layi ya ɗaga hannu biyu sama.

"Kowa ya ajiye bokiti! Na sama, ku sauko! Ɗaya bayan ɗaya, ta gaba, kar wanda ya yi tsalle!"

Aka kalli juna. Wani ya yi dariya.

"Seu Vado, wake ya nuna ne?"

"Na ce ku sauko!"

Wanderson ya leƙo daga sama, kankare har gwiwa. "Baba, me ya faru? Mun cinye kusurwar baya, saura..."

"Sauko, ɗana. Don Allah sauko."

Wannan "don Allah" ita ta sauko da su. Ba wanda ya taɓa jin ta a bakin Seu Vado a wurin aiki. Suka gangaro tsani shiru, Edilene na ƙirga su da ido.

Seu Adalberto ya matso yana goge hannu a wando. "Surukina, ni ba magini ba ne, amma ko ni na san ba a tsayar da zubi. In laifin shebur ɗin farko ne, ka yi haƙuri, su suka tura ni."

"Ba kai ba ne."

Seu Vado ya juyo ya dubi 'yarsa. Ta girgiza masa kai kaɗan, alamar ba sai ya faɗi duka ba. Ya miƙo hannu.

"Ba ni hoton."

Ta ba shi. Ya ɗaga allon sama yadda na gaba za su gani.

"Wannan bayan gidana ne. Wannan tsagar tawa ce. Rodi huɗu na sa inda ya kamata shida, shekara ashirin da biyu da suka wuce, wasunku suna nan ranar. Na gani, na rufe. Sati uku da suka wuce na sake rufewa. Yarinyar nan ce ta gani da... da jirginta."

Wanderson ya kalli allon, ya kalli ubansa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Edilene ta ji kamar ta rungume tsohon nan a gaban kowa, amma wani abu ya hana ta. Ta bi matan da ke bakin ƙofa da kallo, masu riƙe da faranti da masu yanka lemo. Ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Mama?"

"Ta koma duba tukunya," in ji wata maƙwabciya. "Ta ma rufo ƙofa, wai ƙurar siminti na shigar mata abinci."

Sai ga bugu daga can cikin gida. Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

"Vado!" muryar Dona Zuleide ce, cike da masifa. "Wane marar aikin yi ne ya kulle ni a kicin? Ku buɗe min, ƙasa na zubo min a wake!"

Edilene ta riga kowa isa. Ta murɗa hannun ƙofar, ya murɗu. Ta tura, ta sa kafaɗa ta sake turawa, ko motsi. Ta ɗaga kai. Katakon saman ƙofar ya lanƙwaso ya danne ta, yashi na tsiyayowa ta gefensa siriri.

"Ku kawo makulli mana!" Seu Adalberto ya yi ihu daga baya.

Seu Vado na tsaye a bayan 'yarsa, idonsa a kan katakon.

"Ƙofar nan ba ta da makulli," ya ce.